Hukuncin Rataya da Sayar da Tsofaffin Fastocin Tallan Jirage

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, tsohon ma'aikacin reluwe ne. Da muka buɗe akwatinsa bayan rasuwarsa, sai muka tarar da tsofaffin fastocin talla: na jirgin ƙasa, na jirgin ruwan Elder Dempster, na Nigeria Airways mai giwa da fukafukai, da na jirgin ruwan Faransa mai suna Normandie, sai wasu biyu na wani kamfanin jirgin saman Turai masu hoton mata a bakin teku. Ni ina so in sa musu gilashi in rataya a ofishina na sayar da tikiti, yayana kuma ya ce a sayar. Wani ya ce mana duka haramun ne, a ƙone. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta wa mahaifinku, ya haskaka kabarinsa.

Ɗan'uwa, kada ka yi gaggawar ƙonawa. Takardun nan ba hukunci ɗaya ya hau kansu ba, abin da aka zana a jikin kowace shi ake dubawa. Kuma ka sani tun daga nan cewa suna cikin dukiyar gado. Ba ka da ikon ɗauka ka rataya, yayanka ma ba shi da ikon sayarwa, sai da yardar sauran magada, har da ƙannenku mata.

Fastar da babu komai a jikinta sai kan jirgin ƙasa da hayaƙi da layin dogo, ko jirgin ruwa a kan teku, halal ce a rataya, halal ce a sayar. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wani mai sana'ar zane ya zo wa Ibn Abbas, sai ya faɗa masa hadisin azabar masu suranta abu mai rai. Mutumin ya firgita, fuskarsa ta canza. Ibn Abbas ya ce masa in ba makawa sai ya yi, to ga bishiya da duk abin da ba shi da rai. Jirgi kuwa ƙarfe ne. Ni ina ganin ma akwai amfani a ajiye irin waɗannan. Yaran yanzu nawa ne suka san layin dogo ya iso Kano tun 1911, ko cewa har 1974 jirgin ruwa mai suna Aureol yana jigilar mutane tsakanin Legas da Ingila?

Fastar Normandie ta 1935, aikin wani mai zane na Faransa da ake kira Cassandre, ita ma tana nan cikin halal. Goshin jirgin ne ya cika takardar, ya miƙe sama kamar tsauni, sai wasu 'yan tsuntsaye ƙanana can ƙasa kusa da ruwa, waɗanda ba ka ganin ido ko baki a jikinsu. An sa su ne don a gane girman jirgin. Abin da ba a bayyana kansa da fuskarsa ba bai cika sura ba, domin a hadisin Abu Huraira Mala'ika Jibrilu ya ce a cire kan mutum-mutumin da ke gidan ya koma kamar bishiya.

Inda magana take shi ne giwar Nigeria Airways, da duk fastar da aka zana mutum ko dabba a bayyane. A nan malamai sun saɓa, kuma saɓani ne na gaske. Imamu Nawawi da masu ra'ayinsa sun haramta, ko surar tana da inuwa ko ba ta da ita, hujjarsu labulen Nana A'isha mai hotuna wanda Annabi (SAW) ya yage, ta mayar da shi matasan kai. Malamanmu na Malikiyya kuwa, kamar yadda Shehu Dardir ya yi bayani, sun ce haramcin yana kan surar mai rai wadda take da jiki da inuwa, gaɓoɓinta kuma cikakku, wato gunki. Zane a kan takarda ko bango makaruhi ne idan an ɗaukaka shi, idan kuma ana taka shi ko ana zama a kai, barinsa dai ya fi. Suna kafa hujja da togaciyar da ta zo a hadisin Abu Ɗalha, "sai dai zane a jikin tufa".

Abin da na rinjayar: ba zan ce maka ka yi haramun ba idan ka rataya giwar, amma ban so maka ba. Sa gilashi da ɗorawa a bango ɗaukakawa ce, kuma hadisin cewa mala'iku ba sa shiga gidan da ke da hoto ya isa ya sa mumini ya yi taka-tsantsan. Ka naɗe ta ka adana, ko ku ba gidan tarihi. In ofishin naka nan kuke salla, kada wata fasta ta kasance ta fuskar alƙibla ko da ta jirgi ce zalla, don Annabi (SAW) ya ce wa Nana A'isha ta kawar da labulenta saboda hotunansa suna gitta masa a cikin salla.

Biyun nan masu mata a bakin teku kuwa babu saɓani a kansu. Tsiraici tsiraici ne, ko da fenti aka yi shi, kuma tsufan takarda ba ya halatta shi. Kada ku rataya, kada ku sayar, domin idan Allah ya haramta abu ya haramta kuɗinsa. Su ne za ku lalata.

Idan kun daidaita a kan sayar da sauran, ku kiyayi abu ɗaya. Masu tara kayan tarihi suna biyan kuɗi mai yawa a kan bugun asali, alhali an sake buga irin waɗannan fastoci da yawa daga baya, musamman ta Normandie. Ku kai wa wanda ya san takarda ya duba. In ta tabbata kwafi ce, ku faɗa wa mai saye, haka in akwai yagewa ko cin gara da aka liƙe ta baya. Annabi (SAW) ya ce wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu. Kuɗin kuma a raba shi bisa rabon gado.

Wallahu a'alam.