Ga ɗan'uwan da aka hana hutun shekara har shekara biyu

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka ce shekararka biyu da wata huɗu kana aiki a wani ƙaramin kamfanin casar shinkafa, ba ka taɓa samun hutu ba, da ka nema manaja ya ce a nan ba a ba da hutu sai dai a ɗan ƙara maka wani abu, sannan kwana ukun da zazzaɓi ya kayar da kai an zaftare su daga albashinka. Wallahi abin ya sosa mini rai, don ciwon da yawancinmu a nan ke fama da shi ke nan.

Hutu ba alfarma ba ne, haƙƙinka ne. Sashe na 18 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ce duk wanda ya cika wata 12 yana aiki ba yankewa, yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki da cikakken albashi. Kwanakin aiki aka ce, don haka ranar hutunka ta mako ba ta shiga lissafi, kuma kada ka yarda a ƙirga maka hutun Sallah da gwamnati ta bayar a ciki. Ana iya ɗage hutun idan kun amince ku biyu, amma ba zai wuce wata 24 ba, kai kuwa har ka wuce. Batun "mu ba ka kuɗi a madadinsa" ma dokar ta hana muddin kana bakin aiki. Sai ranar da za ka bar wurin ake mayar da shi kuɗi: idan ka yi aƙalla wata 6 tun lokacin ƙarshe da ka cancanci hutu, a raba kuɗin mako guda gida 12 a ba ka gwargwadon watanninka. Misali kuɗin makonka naira 16,000 ne, ka yi wata 9, naira 12,000 ke nan. Da gundarin albashi ake lissafin, ban da alawus da kuɗin obataim.

Irin waɗannan manajojin fa sun san abin da suke yi. Mutum na zaune a ofis cikin sanyin na'ura, shi duk shekara sai ya tafi hutunsa na mako uku ko huɗu, amma wanda ke tsaye gaban inji yana shaƙar ƙurar ɓuntu daga safe har magariba, idan ya ce zai huta kwana shida sai a haɗe masa rai, a ce ga mutane can bakin ƙofa suna neman aikin. Mafi muni shi ne dabarar yanke wa'adi. Sai a bar ka ka kai wata goma ko sha ɗaya, a ce kaya sun yanke, je ka gida za a kira ka, bayan mako biyu a dawo da kai a matsayin sabon ɗauka, lissafi ya koma farko. Haka za ka shekara biyar kana ma'aikacin wucin gadi. Kuma ranar da gajiya ta sa hannunka ya faɗa cikin bel, su ne na farkon cewa sakacinka ne. Allah ya isar mana.

Kwana ukun nan da aka yanke maka, Sashe na 16 ya ba ka har kwana 12 na aiki a shekara na rashin lafiya da albashi, amma da sharaɗin takardar likita mai rajista. A nan muke faɗuwa. Mu je kemis mu sha allura mu kwanta, mu dawo hannu rabbana. Idan asibiti ka je, koma da katinka a rubuto maka takarda. Suna da damar cewa likitansu ya sake duba ka, kada ka ƙi.

Kada ka ƙara neman hutu da baki. Rubuta takarda, ka sa ranar da ka fara aiki, ranar da kake so ka tafi da ranar dawowa, ka yi kwafi biyu, a sa maka hannu da kwanan wata a naka. Ka bayar da ita kamar wata guda kafin lokaci, kuma ka kauce wa kaka lokacin da aiki ya yi yawa, ka faɗi wanda zai riƙe maka wurinka. Ƙananan kamfanoni da yawa tsoronsu ke nan, mutum ɗaya ne a kan inji ɗaya. Ka adana saƙonnin shigar albashi na banki, da katin shaidarka na aiki, domin su ne hujjar cewa ba ka taɓa yankewa ba. Af, an ma ba ka takardar ɗaukar aiki kuwa? Sashe na 7 ya wajabta a ba ka ita cikin wata 3 da fara aiki, da sharuɗɗan hutu a ciki.

Akantoci da injiniyoyi da manajoji da ke cikinmu, ku lura, wannan doka ba ta ƙirga ku a cikin waɗanda ta kira ma'aikata ba, ku abin da ke rubuce a yarjejeniyarku ne madogara, don haka ku karanta kafin ku sa hannu. 'Yan'uwa mata kuma, abin da ake yi muku ya fi ciwo. Sashe na 54 ya ba mai ciki mako 6 kafin haihuwa da mako 6 bayanta, da aƙalla rabin albashi idan ta yi wata 6 a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa, amma sai a sallame ta da zarar ciki ya fito.

Idan sun yi biris da takardarka, ka kai ƙorafi ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya da ke jiharku, su kan kira mai kamfani a zauna. In hakan bai yi ba, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, tana da reshe a Kano da Kaduna. Amma kafin nan ka nemi abokan aikinka uku ko huɗu ku sa hannu tare, don mutum ɗaya ba ya wuyar kora.