Idan mai akwatin bincike ya zo karɓar kayansa

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce kamfanin da ya ba ku akwatin bincike kyauta ya aiko da sanarwar zai rufe nan da wata uku, shafin intanet ɗin da kake kula da shi kuma yana ɗauke da rubuce-rubuce kusan dubu biyu. Tambayarka ita ce: "Maigida, wane kamfani zan koma?" Kwantar da hankalinka, wata uku ya ishe ka. Sai dai akwai aikin da ya riga neman sabon kamfani.

Ba a kanka aka fara ba. Yahoo ya rufe BOSS, hidimarsa ta ba masu shafuka injin bincike, a watan Maris na 2016. Google ya rufe nasa akwatin binciken, Site Search, ranar 1 ga Afrilu 2018, wannan ma na kuɗi ne, aka mayar da masu amfani da shi kan na kyauta mai ɗauke da talla. Microsoft ya janye hanyar da manhajoji ke neman sakamako daga Bing a watan Agusta na 2025. Kayan aro ba ya rufe katara, kuma mai kaya bai yi laifi ba don ya zo karɓar abinsa.

Ka fahimci abin da za a ɗauke. Akwatin da mai karatu ke gani 'yan layukan umarni ne kawai da ka liƙa a shafinka. Ainihin aikin yana can wurinsu: manhajarsu tana zagayowa ta karanta shafukanka, ta gina fihirisa, wato jerin kowace kalma da wuraren da ta fito. Fihirisar nan ce za ta tafi. Rubutun naka ne, yana hannunka, don haka kana iya gina wata.

Yau ɗin nan, kafin komai, ka shiga asusunku ka sauke tarihin kalmomin da mutane suka riƙa nema. Wannan ne abin da ba ya dawowa idan aka rufe ƙofa, kuma shi na fi jin zafin asararsa. Na taɓa karɓar wani shafi da akwatinsa ya yi sati shida a mace ba wanda ya lura. Mutum zai rubuta kalma, ya danna, farin shafi ya fito, ya tafi abinsa bai gaya wa kowa ba. Da na nemi tarihin binciken, an riga an goge shi tare da asusun. Shekara biyar mutane suna faɗa wa mai shafin abin da suke so da bakinsu, duk ya tafi.

To, sai maganar abin da zai maye gurbi. Idan shafin yana kan WordPress, yana da nasa binciken tun asali, ka kunna shi ka ga iya ƙarfinsa. Idan akwai rumbun bayanai a ƙarƙashi, PostgreSQL da MySQL duk suna iya binciken cikin rubutu, SQLite ma yana da FTS5. Idan kuwa shafukan zube suke babu rumbu, ka duba Pagefind: yana gina fihirisar lokacin da kake haɗa shafin, a ajiye ta tare da sauran fayilolinka, burauzar mai karatu ta ɗauko guntun da take bukata kawai. Ga rubutu dubu biyu, ɗayan waɗannan ya wadatar. Kada ƙuruciya ta ja ka zuwa Elasticsearch ko Solr. Kayan aiki ne masu kyau, amma suna son saba, wato kwamfutar da za su riƙa aiki a kanta, da mai kula da ita dare da rana, kuma kai kaɗai ne.

Idan lokaci ya ƙure maka, ka sa akwatin ya riƙa tura tambaya zuwa Google ko DuckDuckGo da site: haɗe da adireshinku. Wannan na wucin gadi ne, domin yana fitar da mai karatu daga shafinka, kuma shafin da ba su zagayo sun karanta ba ba zai fito ba.

Duk wanda ka zaɓa, abu ɗaya nake so ka riƙe: akwatin ya riƙa aika tambaya zuwa adireshi naka na cikin gida, daga can ne za a miƙa ta ga injin binciken. Ranar da za ka sake canji, fayil ɗaya za ka taɓa, ba shafi dubu biyu ba.

Sannan gwaji. Ka ɗauki kalmomi talatin da aka fi nema, ka gwada su a tsohon tun yana da rai, ka rubuta sakamako uku na farko, ka kwatanta da sabon. Ka sa ido kan haruffa masu lanƙwasa. Mutum zai rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nema, injin kuwa yana ɗaukar k da ƙ haruffa biyu daban, ko ka ce ya cire alamomin kan haruffa ba lallai ne ya haɗe su ba. Kai za ka daidaita su da hannunka, a fihirisa da kuma a tambayar. Ka kuma rubuta abin da mai karatu zai gani idan ba a samu komai ba, kada a bar shi da farin shafi.

Ka sauke tarihin yau, ka ƙirga shafukan, ka kawo mini jerin talatin ɗin mu zauna mu gwada tare. Sabon ya fara aiki wata guda kafin ranar rufewa.