Ga 'yar uwar da ke tambaya kan kai yara Sallah gidan ubansu

Assalamu alaikum. 'Yar uwa, kin ce wata biyar ke nan da mutuwar aurenki, yara biyu suna hannunki, mai shekara 4 da mai shekara 2, ga ubansu yana so a kai masa su su yi Sallah a gidansa, kina tambaya ko ki bayar ko ki hana. Wallahi tun bayan sahur da na ga tambayarki barci ya ƙaurace min, don kamar da bakina kika yi magana. Allah ya sanyaya miki.

Ni nawa auren a ƙarshen 2021 ya mutu, Sallar farko da ta same ni a gidanmu ita ce ƙaramar Sallar 2022. Lokacin yarinyata tana shekara 5, ƙaninta bai cika 3 ba. Tun watan Sha'aban na kwashi adashina na shiga Kantin Kwari, na yanko mata atamfa, shi kuma shadda ruwan toka, don na rantse ba za a ga 'ya'yana a ce ai uwarsu bazawara ce ba. Tela ya ja min rai har safiyar jajibere. Na yi mata kitso da hannuna, na sa mata lalle, muna zaune tana busa hannu sai ga sallamar ƙanwar babansu a adaidaita sahu. Ko zama ba ta yi ba. Wai Yaya ya ce a ba ta su, jibi za ta dawo da su. Mahaifiyata ta ce ai 'ya'yansu ne, ba a ja da dangin uba. Na zuba kayan a jaka na miƙa, yaron yana riƙe da zanena ana ɓamɓare yatsunsa.

Jibin nan sai da ta zama kwana goma sha bakwai.

Safiyar Idi ina jin kabbarori daga masallaci, yaran maƙwabta suna shigowa barka da Sallah cikin sababbin kaya, ni kuma na kulle kaina a banɗaki ina kuka da hannu a baki don kada Baba ya ji. Na kira uban ya fi sau ashirin, bai ɗauka ba. Na kira ita ƙanwar, ta ɗauka ta ce suna cikin hidima, ta kashe. Da yamma wata ƙawata ta turo min hoton da ta gani a WhatsApp: 'ya'yana cikin wasu kaya daban, an yi musu anko da amarya, kitson da na kwana ina yi an tsefe an yi wani. Ni ba amaryar ta ƙona min rai ba, yarinya ce, abin da aka ce ta yi shi ta yi. Ƙanwar nan ce. Yarinyar da na riƙe shekara uku a ɗakina tana makaranta, na wanke mata kaya, ranar da zazzaɓi ya kwantar da ita ni na kwana a kanta, kayan ɗakinta ma har da gudunmawata a ciki. Ita ce ta dawo min da ɗinkin nan a leda, ko warware ninkin ba a yi ba, ta ce wai su a gidansu ba a sa wa yara irin wannan yadin. A gaban mahaifiyata ta faɗa. Har yau idan na ga atamfa mai irin zanen nan a jikin wata sai gabana ya faɗi. Na yafe mata don Allah, amma ban manta ba, kuma kada wata ta zo ta ce min yafiya ba ta cika sai an manta.

Da suka dawo, yaron da ya daina fitsarin kwance tun kafin azumi ya koma yi, ko banɗaki na shiga sai ya tsaya a bakin ƙofa yana ihu. Yarinyar kuwa shiru ta yi kwana biyu, ran na uku ina mata wanka ta ce, Umma, wai ke kika tafi kika bar mu? Islamiyya har an koma da mako guda, an wuce ta a hadda.

Duk da haka ba zan ce ki hana ba. Na gwada hanawa a babbar Sallar shekarar, abin da ya biyo baya shi ne ya tsayar da kuɗin abinci wata biyu, yaran kuma suna tambayata Abbansu. Amma ki san matsayinki kafin ki buɗe baki. Malamar Islamiyyarmu ce ta buɗe min littafin fiƙihun nan Risala ta nuna min: a mazhabar Malikiyya riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Idan uwar ta yi wani aure, riƙon ya koma wajen kaka ta wajen uwa, sannan 'yar uwar uwa. Ci da sha da sutura kuma a wuyan uba suke. Wannan maganar ta cewa da an yaye yaro sai a miƙa wa uba, al'ada ce kawai. To kin ga ziyara za su je, kuma mai ziyara da ranar dawowarsa.

Kada ki yi maganar da shi ke kaɗai, kada kuma ki yarda da aike. Ki sa babanki ko kawunki ya kira wani babba a danginsa, a tsayar da rana da lokaci da wanda zai ɗauka da wanda zai dawo da su. Mu yanzu ranar Idi suna wajena, washegari ranar Hawan Daushe da safe shi da kansa yake zuwa. Babbarki za ta iya kwana ɗaya ko biyu. Mai shekara 2 kam, ni a ganina ya wuni a dawo miki da shi kafin magariba, bai san wani abu wai shi jibi ba, abin da ya sani kawai uwarsa ta ɓace. Idan sun ƙi sauraron manya, akwai Hisbah, akwai kotun shari'a, amma ki bar wannan ya zama na ƙarshe.

Wata dabara da kakata ta ba ni: ranar tafiya na ƙulla wa yarinyar dabino biyu a gefen ɗankwali, na ce ta ci ɗaya kowace safiya, ranar da suka ƙare ranar za ta gan ni. Ta riƙe wannan fiye da duk lallashin da na yi mata. Shi kuma yaron na sa masa tsohon zanena da yake kwana da shi a jakarsa. Kuma kada ki sulale ki gudu don kada su yi kuka, ki tsaya ki yi musu sallama ko da za su yi.

Ki roƙi uban, in zai kai su kallon hawa ko gidan zoo, kada ya damƙa su hannun yaran gida. Cunkoson ranar ba na wasa ba ne, ga dawakai ga ƙarar bindigogin gargajiya. Ni takarda nake rubuta lambar wayata na maƙala a aljihunsu da fil. Ki tanadi ruwan gishiri da sukari ma, don alewa da lemo da cincin da za a ɗura musu, da wuya su dawo ba gudawa.

Na ga a ƙasan tambayarki wata tana ce miki ki sa ƙaramin a makaranta bayan Sallah don ki samu sarari. Don Allah ki dakata. Yaro ya bar gidan da ya sani, ya daina ganin ubansa kullum, wataƙila ma bai daɗe da yaye ba, sannan a ƙara masa da baƙuwar fuska tun bakwai na safe? Nawa sai da ya shekara 4 na sa shi, kuma bai rasa komai ba. Haka masu zuwa zawarci, kada ki bari yara su saba da kowa a zaure, yau wannan kawu gobe wancan. Ni matar yayana har gori ta yi min wai na fiye zaɓe, alhali ita ɗakin da muke ciki take so ya zama na baƙinta. Wannan wani labarin ne, in na fara ba zan gama ba.

Idan sun dawo, ki danne zuciyarki, kada ki tsare babbar da tambayar me amarya ta dafa, wa ya ce me. Na yi, kuma na ga yadda yarinyata ta koyi auna magana tun tana shekara 5, tana kallon fuskata kafin ta ce ta ji daɗi a can. Wannan laifina ne, ba na ƙanwar ubanta ba.

Kayan Sallar kuma ki tambaya tun yanzu ko ya yi musu, kada ki kashe kuɗinki a dawo miki da su a leda. Ki faɗa mana, shi da kansa ya kira ki, ko shi ma aike ya yi?