Sitikar Kaya Da Ranar Sakkwato: Amsoshin Wasiƙunku

Wasiƙun da suka taru a wannan mako yawancinsu a kan sitikar da ake manna wa kaya ne, don haka na haɗa su wuri guda.

Wata baiwar Allah daga Mabera, mai yin yogot da kunun aya, ta rubuto cikin damuwa cewa duk gorar da ta kwana a kula da ƙanƙara, da safe sai ta tarar da sitikar tana yawo a ruwa, har wani mai shago ya dawo mata da kayanta.

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, wannan ba laifin hannunki ba ne, kuma gyaransa bai kai abin da kike tsoro ba. Sitikar takarda ba ta zama da ruwa, ko da an yi mata sheƙi a sama. Abin da ya dace da ke shi ne sitikar leda, wadda masu ɗab'i ke kira BOPP, domin ba ta shan ruwa kuma ba ta yagewa da sauƙi. Sai dai ko ita ba za ta kama gorar da ta riga ta yi sanyi tana gumi ba. Ki manna tun gorar tana bushe, kafin ki zuba komai a ciki, ki danne da kyau, sa'annan ki bar ta ta kwana, saboda gam yana ɗaukar yini guda zuwa uku kafin ya gama kamawa. Idan kuma a gida kike bugawa da firintar da ke fesa tawada, ki sani cewa yawancin irin wannan tawada tana narkewa da ɗigon ruwa.

Wani Alhaji mai tatsar man gyaɗa a Boɗinga ya ce sitikarsa tana ɗagowa daga jikin jarka ta gefe-gefe, kuma mai yana mayar da ita tamkar takardar ƙosai.

Alhaji, matsala biyu gare ka. Robar da ake yin jarka da ita tana cikin abubuwan da gam ba ya son kamawa, shi ya sa dole ka gaya wa mai ɗab'i tun farko cewa a jikin jarka za a manna, ya nemo maka gam mai ƙarfin kamu. Ta biyu ita ce mai: idan ma'aikatanka suna cika jarka sa'annan su manna da hannun da ya sha mai, ko sitikar zinariya ka sayo faɗuwa za ta yi. A goge wurin da sifirit, a bari ya bushe.

Wasiƙa ta uku ita ce ta tsaya mini a rai. Wani matashi daga Arkilla, wanda ke haɗa sabulun ruwa da yajin daddawa, ya ce ya samu wata 'yar na'ura mai araha wadda ba ta buƙatar tawada, yana so ya riƙa buga ranar yin kaya da ranar lalacewarsu da ita, yana tambaya ko ya saya.

Ɗana, ka ciro rasit ɗin POS da ya yi wata biyu a aljihunka ka duba. Wannan na'ura da irin wannan takarda take aiki. Takardar tana da wani sinadari da ke yin baƙi idan zafi ya taɓa shi, kuma ba ta bambance zafin na'ura da zafin rana. A garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu, kayan da suka yini a bayan mota zuwa Illela ko suka zauna a rumfar kwano a Babbar Kasuwa za su isa hannun mai saye da sitikar da ta yi duhu ko rubutunta ya dushe. Abin da ya ɓace kuwa shi ne ranar lalacewa, wato layin da ya fi kowane layi muhimmanci. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana buƙatar a ga sunan kaya da abubuwan da aka haɗa da nauyi da adireshin mai yi da lambar rukuni da ranakun nan biyu, kuma rubutun da ba ya karantuwa daidai yake da wanda ba a yi ba. Idan da gaske kake, ka nemi na'urar da ke aiki da ribon, wato naɗin siririyar leda mai ɗauke da tawada. Ribon na kaki shi ne mafi araha, amma yana gogewa idan an murza. Ga mai sabulu da sinadarai, ribon na rezin, wanda ba ya gogewa da sauƙi, a kan sitikar leda ya fi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda mutum zai kashe jarinsa kan inji da gora da kuɗin rajista, sai a zo kan sitika ya fara neman wadda ta fi kowace araha, alhali ita ce fuskar kayansa. A nan ne dillalai ke cin kasuwarsu. Na sha ganin takarda da aka lulluɓe da siririyar leda ana sayar da ita da sunan mai hana ruwa, mai saye ya shafa ya ji santsi ya biya kuɗin guda dubu goma a take. Gwajin kuwa ba ya cin ko sisi. Ka ɗan yaga gefenta: idan ka ga farin ɓurɓushin takarda a ciki, to takarda ce. Ka manna guda a kwano ka jefa cikin ruwa ta kwana, domin ta gefe ruwa ke shiga. Ka manna wata ka ajiye a kan rufin kwano mako guda, ka goga wa ta uku irin kayan da kake sayarwa. Wanda ya hana ka samfurin gwaji guda biyar, ya riga ya gaya maka irin kayansa. Kada kuma ka yi odar ta shekara biyu don an yi maka ragi, saboda naɗin sitika da ya zauna a sito mai zafi gam ɗinsa yana tsattsafowa ta gefe, ƙurar hunturu ta bi ta manne, rabinsa ya zama asara.

Wani mai gyaran janareta da injin ban ruwa daga Goronyo yana son alamar da za ta daɗe a jikin inji. Malam, ka nemi sitikar ledar da ake kira foliyesta, mai irin gam ɗin da ake kira akirilik, wadda ke jure zafi da rana da fetur fiye da sauran. Idan kusa da salansa ne, ka manta da gam gaba ɗaya, ka sa farantin alminiyam a ɗaure da ƙusa.

Mai casar shinkafa daga Wurno ya tambayi sitikar da za ta kama buhu. Babu wadda zan ba ka shawarar saye, domin saƙar buhu ba ta ba gam wurin zama. Ka dubi buhun simintin Kalambaina, a jikinsa aka buga rubutun. Ko ka yi haka, ko ka ɗinka alamar tare da bakin buhun.

Akwai kuma wanda ya rubuto yana tambaya ko zai iya ara lambar NAFDAC ta abokinsa ya buga a ruwan ledarsa kafin tasa ta fito, da kuma wace sitika ce za ta fi sa lambar ta fito raɗau. Malam, ba za ka iya ba. Kowace lamba ta kaya guda ce daga masana'anta guda, kuma ranar da jami'ai suka zo, kai da abokin naka za su tafi da ku.