Hukuncin Buga Wa Doki Takalmin Ƙarfe

Tambaya: Malam, ina da dawaki biyu da nake hawan sallah da su, ɗaya kuma yana wasan folo, wato ƙwallon dawaki. Na sa an buga musu takalmin ƙarfe, sai wani ɗan'uwa ya ce azabtar da dabba ne, tunda ƙusa ake kafa musu. Kuma akwai ƙananan ƙarafa masu tsini da ake ɗaurawa a ƙasan takalmin don hana santsi. Mene ne hukunci?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Buga wa doki takalmi halal ne. Allah ya ce a Suratun Nahli, aya ta 8, ya halicci dawaki da alfadarai da jakuna don mu hau, kuma su zama ado, to abin da zai kyautata hawan bai haramta ba sai da dalili. Sahabbai ma sun san aikin. A hadisin Umar da Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya ce suna ta jin labarin mutanen Gassan suna sa wa dawakinsu takalma don su kawo musu yaƙi.

Ɗan'uwanka ya yi kyakkyawan zato ga dabba, Allah ya saka masa, amma bai duba ƙafar doki da kyau ba. Bangon kofato kamar farcenka yake, ba jini ba jijiya. Gwani a gefe yake kafa ƙusa, daidai farin layin da ke tsakanin bango da tafin kofato, ta ɓullo ta waje ya lanƙwasa bakinta. Dokin ba ya jin zafi. In ya kauce kaɗan zuwa ciki ne ƙusar ke taɓa nama, sai jini, sai ɗingishi, wani lokaci har ƙafar ta yi ruwa. Saboda haka haramun ne ka miƙa dabbarka ga wanda ka san bai iya ba don arha. Shi ma in ya lalata ƙafar zai biya, bisa kiyasi da hadisin Abu Dawud cewa wanda ya yi likitanci alhali ba a san shi da shi ba, to lamuni na kansa.

Wani lokaci ma takalmin kan zama wajibi. Dokin da kwalta ko tsakuwa ke cinye masa kofato fiye da yadda yake tsirowa, in za ka ci gaba da hawansa, dole ka kare masa ƙafa. Annabi (SAW) ya ga raƙumin da cikinsa ya manne da bayansa, ya ce a ji tsoron Allah game da waɗannan dabbobi da ba sa magana, a hau su suna lafiyayyu. Dokin da yake yini a kan rairayi kuwa, sau da yawa datse kofato ya ishe shi.

Inda na fi ganin sakaci shi ne bayan sallah. A buga takalmi don hawan daushe, a mayar da doki barga, a manta. Kofato ba ya daina tsiro, kuma ƙarfen ya hana shi goguwa, sai ƙafa ta karkace. Kusan kowane mako 6 ya kamata a cire, a datse, a mayar. Wanda ya bar shi wata da watanni yana da zunubi.

Ƙarafa masu tsini kuma sun halatta gwargwadon buƙata, domin faɗuwar doki a jiƙaƙƙiyar ciyawa na iya karya shi da mahayinsa. Sai dai Allah ya yi kofato yana ɗan zamewa kaɗan idan ya sauka ƙasa, wannan ne ke rage wa gaɓɓai jijjiga. In riƙon ya yi yawa, ƙafa ta kafe, jiki ya juya, gwiwa da jijiyoyi su ɗauki wahalar. A folo ga ƙarin haɗari, domin dawaki na gogayya, dogon tsini na iya tsaga ƙafar dokin wani. Hadisin da ke Muwaɗɗa ya ce ba cuta ba cutarwa. To ka sa gajeru, ka bi ƙa'idar filin wasan, ka kwance su da zarar an tashi. Kada doki ya kwana da su, ko ya taka kwalta da su.

Tsohon takalmin da aka cire, a ba maƙeri. Rataye shi a ƙofa don neman sa'a camfin Turawa ne, bai halatta ba.

Wallahu a'alam.