Baƙaƙen ɗigo a jikin wake: wace halitta ce ke kashe ƙwan ƙwaro?

Tambaya: Ni manomi ne daga Gumel. Na ji ana cewa masana suna ta gano wasu ƙananan rina masu kashe ƙwan ƙwari a wuraren da ba a san da su ba. Ni kuma a jikin waken da na ajiye ina ganin ƙwai farare, wasu baƙaƙe. Ko wannan rinar ce? Za ta iya tsare mini rumbu?

Amsa: Malam, idonka ya yi aiki, don mutane da yawa sai wake ya huje suke lura. Waɗannan ɗigon ƙwan ƙwaron wake ne, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus. Tun a gona macen take fara manna su a ƙwanso, sannan ta ci gaba a rumbu. Idan tsutsa ta ƙyanƙyashe, kai tsaye take huda ƙwayar ta shige, garin da ta tona ya cika ɓawon, shi ya sa yake zama fari. Farin ƙwai ke nan ɓarna ta riga ta shiga.

Baƙin kuwa, galibi alamar abokiyarka ce. Sunanta Uscana lariophaga, dangin rina da zanzaro ce, amma tsawonta bai kai rabin milimita ba, kuma ba ta harbin mutum. Tana neman sabon ƙwai, ta soka nata a cikinsa. 'Yarta ta cinye abin da ke ciki, ta girma a nan, ta huda ɗan rami ta fita. A lokacin zafi cikin kwana 10 ko ƙasa da haka ta gama, alhali ƙwaron yana ɗaukar mako 3 zuwa 4. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne tana kashe ɓarawo tun bai taɓa ƙwayar ba. Akwai wata, Dinarmus basalis, ita tsutsar da ke cikin ƙwaya take bi, amma kafin nan an riga an ci wani abu.

Game da labarin da ka ji: idan masana suka ce an sami irin kaza karon farko a yanki kaza, yawanci ba sabon zuwa ta yi ba. Tana nan tun kaka da kakanni, ƙanƙantarta ce ta ɓoye ta, sai an sa madubin ƙara girma a tantance ta. Ita Uscana an daɗe da yin bincike a kanta a rumbunan Jamhuriyar Nijar, nan maƙwabtanku.

Sai dai ba zan ce ka bar mata rumbu ba. Tana rage ƙwaro, ba ta ƙarar da shi, kuma wake a kasuwar Dawanau rami kaɗan ke karya masa farashi. Ka shanya shi ya bushe ƙayau, ka zuba a buhun PICS mai hawa uku ko a jarka, ka ɗaure kowane hawa dam. Iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, har ita rinar da ke ciki, amma a nan aikinta ya riga ya ƙare.

Inda nake roƙonka a kanta shi ne gona. Feshi barkatai bayan ƙwanso ya nuna, rinar yake fara kashewa, tsutsar kuwa tana ɓoye cikin ƙwaya. Kuma don Allah kada ka zuba fiya-fiya a waken da iyali za su ci.