Ƙugiyar zinare a bayan tangaran

Ka ce wani ya kawo maka mutum-mutumin tangaran, 'yar makiyayiya riƙe da kwandon furanni, da alamar ƙugiyar jirgin ruwa ta ruwan zinare a bayanta. Ya ce na Chelsea ne, tsohuwar masana'antar tangaran ta Landan, kana tambaya ko ka saya. Yaro, da na karanta saƙonka sai da na ajiye wayar, domin irin ƙugiyar nan ta taɓa cinye mini fam 800, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Lokacin ina da rumfa a kasuwar Portobello a Landan, akwai wani dattijo da matarsa da ba sa fashin Asabar. Shekara 40 suna tara tsohon tangaran na Ingila tare. Shi ke ciniki, ita ke riƙe da littafin da take rubuta kowane kofi da inda suka samo shi. Suna da na masana'antar Worcester, suna da na Spode, saura Chelsea mai ƙugiyar zinare, wanda aka yi daga wajen 1756 zuwa 1769. Na yi musu alkawari zan nemo.

Sai ga wani mutum cikin kwat mai tsada, da abu naɗe cikin tsohon tawul. Wai na kakarsa ne, ta rasu, ba ya son ya riƙa ganinsa. Har da share hawaye! Na juya na ga ƙugiya, kwaɗayi ya rufe mini ido, na ƙirga masa kuɗi ko tayi ban yi ba.

Ranar Asabar na miƙa wa matar ina washe baki. Ko juya shi ba ta yi ba. Ta riƙe shi a tafin hannu, ta shafa gindinsa da babban yatsa, ta dubi mijinta. Shi ne ya ce mini a hankali wannan aikin Samson ne. Kamfani ne na Paris da aka kafa a 1845, ya yi ta kwaikwayon tangaran Chelsea da Worcester da Meissen na Jamus. Yumɓun Chelsea da garin gilashi ake haɗa shi, yana da laushi, farinsa kamar madara, in ya ɓantare cikinsa kamar sukari. Na Samson mai tauri ne, ya sha wuta sosai, da sanyi a hannu, farinsa na ɗaukar ido. Kuma ƙugiyar gaske ƙarama ce ƙwarai, tawa kuwa ga ta ɓaro-ɓaro. Duk na san wannan. Ni da nake koya wa wasu! Lambar wayar da mutumin ya bar mini ta ƙarya ce. Allah ya isa tsakanina da shi. Kuɗin da sauƙi, kunyar da na sha a gaban bayin Allahn nan ita ce ba ta sake ni ba. Ba su daina zuwa ba, amma daga ranar duk abin da na miƙa sai matar ta daɗe tana juya shi.

Duba tsaga da gyara ba sai na faɗa maka ba, ko ɗan koyon jiya ya sani. Abin da ke damuna da ku yaran yanzu, ku ɗauki hoton tambari ku tambayi intanet, hannunku bai taɓa sanin nauyin na gaske ba. Sau nawa na ce ka je gidan tarihi na Victoria da Albert ka tsaya gaban Chelsea ɗinsu har idonka ya saba? Shiga kyauta ce, amma ka ƙi.

Kada ka ba wanda ya kawo maka kayan ko sisi. Ka ce ya bar maka shi zuwa Asabar, in ya ƙi, to ka rabu da shi. In ya yarda ka kawo mini, mu jera shi da nawa, yana nan bisa kanta inda na ajiye shi tun ranar.